Hodar Bayan Ganyen Ayaba

Zuwa ga 'yata, Likitar Ganye,

Sallama da gaisuwa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini gardama da safe, da kunne da ya yi nauyi har na haƙura da waya.

Na san za ki juya ambulan ki ce wane ne wannan kuma. Ni ne mijin Gwaggonki marigayiya, wadda mahaifinta da kakanki suke uwa ɗaya uba ɗaya. Rabon da in gan ki tun kina rarrafe, ranar ma kin jiƙa mini riga, amma na yafe. A nan Baba Mai Bandeji ake ce mini, don aikin da na yi ke nan a asibiti har na yi ritaya, wankin ciwo da ɗaure shi. An ce mini ke kuma ganye kike dubawa a madubi a wani ɗakin bincike, har ana biyan ki. Da na ji sai na ce to, kowa da irin majinyacinsa.

Ga abin da ya sa na nemo ki. Bayan gidanmu akwai lambun ayaba, haɗe da na maƙwabta har bakin rafi. Tun bara wani ciwo ya shigo. Yakan fara da ɗan zane siriri mai ruwan ƙasa a jikin ganye, ya yi baƙi, ya faɗaɗa, sai ganyen ya bushe tun daga gefe kamar an bi shi da wuta. Ayabar takan fito 'yar ƙarama, ta nuna tun ba ta cika ba. Duk lambun ya kamu, ban da layi ɗaya na gefen gabas wanda Gwaggonki ta dasa da hannunta. Gajeru ne. Ban san inda ta samo irin ba, ban kuma taɓa ganinsa a wurin kowa ba. Ita ce mai lambun, ni da ayaba sai a faranti. Tun da ta rasu aikin ya dawo kaina.

Yayanki, wato babban ɗana, sun yi shawara da maƙwabta a tumɓuke ayabar gaba ɗaya a shuka rogo. Ban ga laifinsa ba, shi ke riƙe da gidan. Na roƙe shi ya bar mini layin mahaifiyarsa, ya ce ya bari, amma da sharaɗi: ranar da ciwon ya bayyana a jikinsu, za su bi sauran. Ya ƙara da cewa in wanda ya san abin ya tabbatar irin na daban ne, zai sake tunani.

Abin da nake so ki gaya mini shi ne, akwai wani abu a jikin waɗannan da ya hana su kamuwa, ko kuwa lokacinsu ne bai yi ba? In akwai, ki rubuta a fili yadda zan nuna masa. Ki ba da amsar ga direban da ya kawo miki wannan takarda, ta wajenmu yake bi.

Naki,
Baba Mai Bandeji

*

Zuwa ga Baba,

Na amsa sallamarka, na gode da gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya jiƙan Gwaggo. Ban tuna fuskarta ba, amma mahaifina yakan ambace ta. Maganar riga kuwa, na karɓi yafiya.

Ɗakin binciken da aka gaya maka bai kai yadda kake zato ba. Tebur ne dogo a jikin taga, da madubi biyu na duba ƙananan abubuwa, ɗaya ma sai an tokare shi da littafi, da firij da muka hana ɗalibai ajiye ruwan sha a ciki suka ƙi ji. Amma aikinka ba zai gagare shi ba.

Ciwon da ka kwatanta, mai yiwuwa wata fumfuna ce da muka sani. Irinta ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, iska da ruwan sama ke yawo da su. Ba ta huda ganye da ƙarfi. Ganye yana da wasu 'yan ƙofofi da yake numfashi ta cikinsu, a ayaba kuma sun fi yawa a bayan ganyen, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa. In irin ya sauka a nan ya tarar da laima ta zauna, sai ya tsiro, ya lalubi ƙofa, ya shige. Zanen da kake gani yana fitowa ne bayan ta daɗe a ciki.

Saboda haka abu biyu muke fara dubawa. Ɗaya shi ne yawan ƙofofin da girmansu. Ɗayan kuma wani irin kaki ne da ganye ke yi wa kansa, mai sa ruwa ya gangare bai zauna ba, wani lokaci har ya ɗan rufe bakin ƙofofin. Ba su kaɗai ke hana ciwo ba, akwai abubuwa a cikin ganyen da madubina ba ya nunawa, amma daga nan ake farawa.

Kada ka aiko da ganye, zai ruɓe a mota. Ka sayi jan farce irin na mata, amma marar launi. Ka zaɓi ganye mai tsabta, wanda ba jiƙaƙƙe ba, ka shafa kaɗan a bayansa, kamar faɗin farcen babban yatsa. In ya bushe ka manna salatif a kai, ka ɓare a hankali, ka liƙa a kan ƙananan gilasan da na sa maka a ambulan. Hoton fatar ganyen zai fito a jiki. Ka yi wa na Gwaggo, ka yi wa na maƙwabta, ka rubuta a gefen kowanne don kada su cakuɗe.

Ba zan yi maka alkawarin amsar da kake so ba. Abin da na gani shi zan rubuta.

'Yarka

*

'Yata,

Ina gaishe ki da aiki, ina gaida mutanen gida. Damina ta zauna, gwiwa ma ta san da haka. Takardarki ta iso. Yayanki ne ya karɓo a tasha, ya kuma karanta kafin ya miƙo mini. Halinsa ke nan tun yana yaro, ko ledar magani aka ba shi ya kai sai ya leƙa.

Na je sayen jan farce a shagon da ke kusa da mai faci. Mai shagon ta dube ni, ta dubi furfurata, ta ce, "Baba, amarya aka yi?" Na ce, "A'a, ayaba zan shafa wa." Ta ce, "To Allah ya ba da zaman lafiya." Na ce mata marar launi nake so. Ta ce ai ta gane, ba na son a sani. Da na fito mai faci yana ta yi mini murna, ban san wa ya gaya masa ba.

Ki sani tunda nake ban taɓa juya ganyen ayaba na dubi bayansa ba sai da kika ce. Na yi yadda kika tsara. Maganar tsabta kuwa ba sai an gaya mini ba, a kanta na tsufa. Ban taɓa ɗora bandeji a kan datti ba, ba kuma zan fara da ganyen Gwaggonki ba. Kakin da kika ambata ina jin na gan shi, don in an gyara ganyen yakan yi sheƙi kamar takalmin da ya sha buroshi. Na ɓata wasu gilasan kafin hannuna ya faɗa. Ga sauran nan na naɗe a auduga, kowanne da rubutunsa.

Yanzu na mayar da layin nan ɗakin majinyata. Kowace safiya sai na zaga su ɗaya bayan ɗaya kafin in karya. Yayanki ya ce na koma aiki ba tare da an kira ni ba. Maƙwabta sun fara sare nasu, daga tagar ɗakina yanzu har rafi ake hangowa.

Har yau babu zane ko ɗaya a layin.

Baba

*

Baba,

Barka da damina. Mu ma lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Gilasan sun iso, ba wanda ya fashe.

Sai in yaba maka. Ɗalibaina ba sa fitar da hoto mai kyau haka. Kowace ƙofa ta fito tar, da leɓunanta biyu, har na kira abokiyar aikina daga ɗakin da ke gaba ta zo ta leƙa. Ta tambayi wane ɗalibi ne, na ce wani ne da ya yi ritaya. Duk abin da kake yi wajen shirya su, ka iya.

Ga abin da na gani. Ƙofofin ganyen Gwaggo sun ɗan fi na maƙwabta ƙanƙanta, amma bambancin bai taka kara ya karya ba. Yawansu kusan ɗaya ne. Kaki kuwa, da yana da yawa, da ya manne a jikin jan farcen ya dusashe hoton. Ban ga haka ba. Na maƙwabta ma sun fi nuna alamarsa.

Don haka a iya abin da madubi ya nuna mini, ban ga abin da ya bambanta irin nan ba. Mai yiwuwa wurin da aka dasa su ne, ka ce gefen gabas ne, rana na busar da raɓa da wuri. Mai yiwuwa kuma sa'a ce kawai. Ba zan rubuta wa Yaya cewa irin na daban ne ba, tunda ban gani ba. In ciwon ya zo, ka riƙa yanke ganyen da ya kamu kana fitar da shi daga lambun. Ayaba ce kamar kowace ayaba, haka ake yi mata.

Na san ba haka ka so ji ba.

'Yarka

*

Baba,

Ina gaisuwa. Direba ya zo ya sake zuwa, kullum hannu rabbana. Ya ce lafiyarka lau, yakan hango ka a lambu da baho da kujera in ya wuce da safe.

Na tuna abin da na rubuta, na tsaya a inda na ce ayaba ce kamar kowace ayaba. Maganar ganye nake yi, ba maganar Gwaggo ba. In ta yi maka zafi ka yi haƙuri, na saba rubuta wa mutanen da ba su san wanda ya dasa abin da muke dubawa ba. Yaya layin?

'Yarka

*

'Yata,

Lafiya muke, ina fata ku ma haka. Ba fushi na yi ba, ko in ce na yi na kwana biyu ya wuce. Yayanki ya karanta waccan takardar a tsaye a bakin ƙofa, ya ninke, ya ce, "To Baba, ka dai ji." Ni kuma ban ga abin da zan rubuta miki ba.

Ciwon ya zo. Ya fara da ganyen ƙasa, yanzu babu gindin da bai kamu ba, yana kuma gudu fiye da yadda ya yi a na maƙwabta. Na yanke wanda zan yanke, kamar ƙara masa ƙarfi nake. Yayanki ya gani. Ya ce da zarar ruwa ya ɗan ɗauke zai kawo ma'aikata.

Tunda abin ya zo ƙarshe, bari in gaya miki abin da ban rubuta ba. Ranar da na fara juya ganyen, na tarar da bayansa fari fat, kamar an barbaɗa hoda. Na taɓa, ta biyo yatsana. Na je na duba na maƙwabta, tasu kaɗan ce, ta Gwaggonki kuwa har jijiyar tsakiya, har kara. Na ga fumfuna a asibiti, na gan ta a bango, na gan ta tsakanin yatsun mutane, na san kamanninta. Na ce to, ta riga ta sauka, shiga ce dai ba ta yi ba tukuna. Ban rubuta miki ba don na san wanda zai fara karanta amsarki.

Sai na yi abin da na iya. Ruwan ɗumi, sabulu, tsumma mai laushi. Kowace safiya ina hawa kujera in wanke bayan ganyen, daga jijiya zuwa gefe, yadda ake wanke ciwo daga ciki zuwa waje. Inda ta yi kauri in bi da sifirit a auduga. Sabon ganye yana buɗewa zai fito da ita, ni kuma ina nan ina jiran sa. Ban bar ta ta zauna a kan ko ɗaya ba. Duk da haka ta fi ƙarfina.

Ban san inda na yi sakaci ba. Na ga irin wannan a wurin aiki, ka yi duk abin da aka koya maka, ƙafa ta ƙi, a ƙarshe a yanke. Mutum yakan wanke hannu ya wuce gado na gaba, sai dai ni a nan ba ni da gado na gaba. Ki gaida maigidanki da yara.

Baba

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ka karanta wannan kafin komai, ka kuma ba Yaya. Wannan karon ina so ya karanta.

Ka daina wanke ganyen. Farar hodar nan ba fumfuna ba ce, ita ce kakin da na gaya maka. Haka yake a bayan ganyen ayaba, ba sheƙi yake yi ba, fari ne kamar gari, yana bin yatsa. Na ce maka kaki ban gaya maka kamanninsa ba, don ni kullum ina ganinsa, ban yi tunanin akwai mai buƙatar a faɗa masa ba. Da na ga gilasanka sun fito tar, ya kamata in tambaye ka me ka yi wa ganyen. Maimakon haka yaba maka na yi.

Sabulu da sifirit suna cire shi. Ganyen da aka wanke yana riƙe ruwa, babu abin da ya kare bakin ƙofofinsa, tsumma kuma yana iya kwasar irin ciwon daga wannan ganye ya kai wa wancan. Ina jin shi ya sa ka ga yana gudu.

Abin da na rubuta a baya na janye shi, wankakken ganye na duba. In hodar ta kai yawan da ka kwatanta, mai yiwuwa irin Gwaggo na daban ne, mai yiwuwa kuma shi ya sa ya tsaya lokacin da sauran suka faɗi.

Yaya, da kai nake yanzu, ko da yake ba mu san juna ba. Wannan ciwo ganye yake ci, ba kasafai yake kashe gindi ba. A yanke ganyen da suka kamu, a bar ƙananan da ke tsirowa daga ƙasa, kada kowa ya taɓa su. Sabon ganye zai zo da hodarsa. Ka ba su damina ɗaya, ni zan zo da kaina in duba. In an riga an tumɓuke, a bincika cikin tarin, duk gindin da bai bushe ba zai iya tashi in an mayar da shi ƙasa.

Baba, yau na karɓi takardarka, yau zan kai wannan amsa tasha. Zan roƙi direba ya damƙa a hannunka.

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya muke, gwiwa ta yi sauƙi tunda na daina hawa kujera.

Gadar da ke kan hanyarmu ta rufta, motoci suka daina bi na wani lokaci. A cikin kwanakin ne ruwa ya ɗauke. Ba laifin direba ba ne, ranar da aka buɗe hanya shi da kansa ya kawo takardar har bayan gida. Ya same ni a lambu, ko in ce a gonar rogo.

An tumɓuke su. Ma'aikatan sun tara gindin a gefe, Yayanki ya ce a bar su su ruɓe su zama taki. Ni na ce a'a, abin da aka cire daga jikin ciwo ba a barin sa a fili, ƙonawa ake yi. Suka ce ɗanye ne, ba zai ci wuta ba. Na sa aka daddatsa su ƙanana, aka baza a rana, na kawo itace da kananzir, na tsaya a kai har ya cinye. Da na gama karanta takardarki na ɗauki sanda na je na tona tokar. Aikin ya yi kyau, babu abin da ya rage.

Yayanki ya karanta kamar yadda kika so. Ya karanta ya sake karantawa, ya fita, ranar bai dawo cin abinci ba. Kada ki ga laifinsa, sharaɗi muka yi ya kuma tsaya a kan nasa. Ke ma ban ga naki ba. Kin ce ganye mai tsabta, ni kuma na ji da kunnen asibiti.

Na bi maƙwabta da 'yan'uwanta ina tambaya ko ta taɓa ba wani irin. Wata ƙanwarta ta ce an ba ta, akuya ta cinye tun yana ƙarami. Ba sai kin wahalar da kanki da zuwa ba, babu abin da za ki duba, amma in ziyara ce ƙofa a buɗe take.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Na lura ba kya magana sai da "mai yiwuwa", na kuma san haka aikinku yake. Mu ma haka likitoci ke yi wa dangin majinyaci a baranda. To ni ba a baranda na tsaya ba, ni na yi jinyar. Ki gaya mini ba kwana-kwana. Da ban taɓa su ba, da na zauna a inuwa na naɗe hannu ina kallo, da suna nan?

Baba

*

Baba,

Na gaishe ka, na gaida Yaya. Muna lafiya. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi.

Na daɗe da takarda a gabana. Na rubuta maka doguwar amsa, da bayanin iska da laima da abubuwan da ba mu sani ba tukuna. Duk gaskiya ne, amma ba ita ka tambaya ba, sai na yaga.

Eh, Baba. Da ka naɗe hannu, da suna nan.

'Yarka